Kujerar Horo a Setapak

Majami'ar 'yan Arewa masu karatu a ƙasar waje da ke unguwar Setapak ɗaki ɗaya ce a saman shagon abincin da ake kira mamak, inda ƙamshin gurasar roti ke hawowa tun ba a gama addu'ar buɗewa ba. Jethro, mutumin Kagoro mai karatun digiri na uku, shi ne dattijonsu. Ba furfura ta ba shi ba, shi kaɗai ne dai ya taɓa leƙa makarantar tauhidi.

Da Godspower mai kaɗa musu ganga ya sha ya yi tatil, har ya fasa wa wani baki a filin ƙwallo, Jethro bai yi wata-wata ba. Ya sa shi horo irin na gida: ba ganga, ba jibin Ubangiji, sai zaman kujerar baya kusa da takalma. Ya manta a Kagoro mai horo in ya fita yana tarar da uwarsa da dangi. A nan kuwa ɗakin nan ne uwa, shi ne uba. Mutane suka riƙa wuce Godspower da sannu ta fatar baki.

Aka yi wata da watanni. Jethro na shirya wa'azi ya ci karo da wata kalmar Girkanci, katartizo, abin da Manzo Bulus ya ce a yi wa ɗan'uwan da ya faɗi. Ya bi diddiginta. Ita ake faɗa in masunta na gyaran taru, likitocin dā kuma da ita suke nufin ɗori. Ya tuna mai ɗorin ƙauyensu, yadda yake aza ƙafar mutum a cinyarsa kafin ya ja. Ashe ba a ɗori daga nesa. Kunya ta kama shi, ya ƙudura zai ɗage horon ran Lahadi a gaban jama'a. Kiran waya? Ina, shi mutum ne mai bin tsari.

Ran Lahadi ya zuba wa'azi, har da tafi. Gab da ƙarshe ya ce, "Ɗan'uwa Godspower, taso gaba."

Aka waiwaya. Wata jiƙaƙƙiyar laima ce jingine a kujerar.

Mirabel mai ba da waƙa ta ce, "Dattijo, ai ya bar karatun, ya koma gida tun Alhamis. Makon jiya ya tsaya a matakala yana jiranka, ka wuce kana waya."

Saura shafi guda a wa'azin. Jethro ya karanta shi har ƙarshe, aka ce amin, aka sauka cin abinci. Shi ya tsaya tara kujeru. Duka ya jera su a bango, ta bayan ce ya kasa ɗagawa.