Injin da Auta Ta Sa wa Keke

Auta ta zazzage jakar a kan teburin likita, kwalabe suka yi ta gangarawa har ɗaya ta faɗi ƙasa. Tela, mahaifinta, ya bi kwalbar da ido, bai sunkuya ba. Watannin baya gudan jini ya toshe masa jijiya a sharaɓar ƙafar hagu, aka ɗora shi a kan magani. Yanzu kumburin ya sace, sai kuma dasashi ya kama jini duk sanda ya wanke baki.

"Duk waɗannan yake sha?" in ji likita.

"Safe da yamma," Auta ta ce. "Wannan ƙwayar tafarnuwa ce, wannan man kifi, wannan kurkum. Ga citta kuma ina dafa masa. Na karanta duk suna hana jini daskarewa."

Auta ma'aikaciyar ofis ce, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ta ɗauki lafiyar tsohon tamkar aikin da aka ba ta. Abin da duk ta gani a waya da rana, da yamma yana cikin Tela. Shi kuwa haɗiya kawai yake yi, don bai iya ce mata a'a ba.

Likita ta tura kwalaben gefe guda. "Maganin da muka ba shi ai aikinsa ke nan, tsinka jini. Ke kuma kin ƙara masa waɗannan a kai, jinin ya tsinke ya wuce misali. Kada garin neman gira a rasa ido. Citta da tafarnuwa a cikin girki ba laifi, na kwalba kuwa a ajiye. Ya sha ruwa sosai, ya riƙa motsa ƙafa."

Fuskar Auta ta canza. Ta shiga mayar da kwalaben jaka a hankali, sannan ta nemo abin da za ta fanshi kanta da shi.

"Ƙafar kam na hutar da ita, Likita. Bara na sa wa keken ɗinkinsa injin lantarki. Ya daina wahalar taka feda."

Likita ta ɗago kai. Kafin ta buɗe baki Tela ya yi gyaran murya.

"Auta, je ki kama mana layin gwajin jini, kar a rufe."

Da ta fita, ya juyo. "Faɗi, 'yata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ba zan ce injin ne kaɗai ba, Baba. Akwai shekaru, akwai jiki. Amma tun kana saurayi ƙafarka take tura jini sama kana ɗinki, sai aka wayi gari ka ajiye ta, kana zaune daga safe har yamma. Jinin da ya kwanta shi ke daskarewa. In wani gudan ya ɓalle ya tafi huhu, ba lallai mu sake wannan hirar ba."

Tela ya ji tsoro, amma ba huhun ne ya fi damunsa ba. Ya ga yadda kwalabe kawai suka karya wa yarinyar gwiwa. Ina ga ta ji cewa kyautar da ta fi alfahari da ita tana da hannu a ciwon?

"Kada ki gaya mata."

"Ni ba ruwana da wanda ya sayo inji," likita ta ce. "Ƙafar ce damuwata."

Bayan gwaji Auta ta wuce ofis, shi kuma ya hau bas zuwa shago. Bai ko cire hula ba ya ɗauko sukurdireba ya kwance injin daga jikin keke, ya naɗe wayarsa, ya ajiye shi a kan benci. Tsohon bel ɗin fata mai haɗa feda da keke yana can ƙasan akwatin ƙyallaye, ya bushe ya ƙanƙance. Ya shafa masa mai, ya ja, ya yi gumi kafin bel ɗin ya hau.

Mai guga, maƙwabcinsa, ya leƙo. "A'a, Tela! Mutane na gaba kana baya? Ko jirgin naka ya faɗi ne?"

"Kai da har yau gawayi kake hurawa, me ka sani a kan gaba?"

Ya zauna ya taka. Da farko keken ya yi gardama, ya koma baya, zare ya tsinke. Ya sake zura shi. Can ƙafar ta tuna aikinta, ƙarar feda ta cika shagon, sharaɓar tana ɗan ja kamar mai fushi.

Da yamma Auta ta biyo ta shagon kamar kullum. Tun daga bakin titi ta ji ƙarar. Ta tsaya a ƙofa, jakarta a kafaɗa.

"Baba, ina injin?"

"Ya ƙone," ya ce, idonsa a kan allura. "Ina dawowa na kunna, sai hayaƙi. Kayan zamani ke nan, ba ƙarko."

Tela ya yi wa masu kawo ɗinki ƙarya iri-iri a rayuwarsa, don goben tela kowa ya san ta. Amma bai taɓa yi wa Auta ba, shi ya sa wannan ta fito a karkace. Ta ajiye jaka, ta warware wayar injin, ta jona a bango, ta danna. Injin ya tashi lafiya lau, yana juyawa shi kaɗai a kan benci.

Ƙafar Tela ta tsaya. Auta ta dubi injin, ta dubi ƙafar da ke kan feda, ta daɗe tana dubanta.

"Abin da likita ta ce ke nan da ka kore ni?"

"Na ce miki ya ƙone."

Idonta ya kawo ruwa, ba ta bari ya zubo ba. Ta zare wayar, ta naɗe ta a jikin injin, ta rungume shi a ƙirji.

"Gaskiyarka, Baba, ya lalace," ta ce. "Ci gaba da takawa. Ni zan tafi da shi."