Inshorar Moss

"Shekarunsa nawa?" in ji yarinyar da ke wayar.

Na dubi Merv. Ya ɗaga yatsu goma, ya ƙara uku, sannan ya yi saurin lanƙwashe biyu.

"Sha uku," na ce.

"Kin kashe mu, Glenys," ya ce, ya buga tebur da tafin hannu.

Yarinyar ta ba mu haƙuri da muryarta mai sanyi. Ta ce kamfaninsu ba ya karɓar sabon kare da ya wuce shekara tara. Merv bai ji da kyau ba, na maimaita masa da ƙarfi. Ya miƙo wuya wajen wayar.

"'Yar nan, tsoho mai tamanin da huɗu fa? Kuna karɓa? Ba na cizo."

Ta yi dariya, ta ce a gaida mata Moss. Kamfani na biyar ke nan a wannan safiyar. Shi kuwa wanda ake magana a kansa yana kwance ƙarƙashin tebur, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar Merv, bakinsa duk furfura.

Merv Hocking maƙwabcina ne shekara ashirin da shida a Wallaroo, shingen kwano kawai ya raba mu. A rumbunan hatsi na bakin teku ya yi aiki har ya ajiye. Matarsa Beryl ta rasu shekara bakwai da suka wuce, ɗansu ɗaya, Darryl, yana can Perth. Moss karen kiwon tumaki ne da wani manomi ya yar saboda tsoron tumakin yake yi. Ni da shi ba ma shiri. Sau biyu ya tone mini tumatir, ni kuma dama ban taɓa son kare a gida ba, kowa a layinmu ya sani.

"Wai me ya tayar maka da maganar inshora yanzu?" na tambaye shi ina zuba masa shayi. "Shekara goma sha uku ba ka yi masa ba."

"Da ba ya ɗingishi."

"Ya kai shekara biyu yana ɗingishi."

Ya tsoma biskit a shayi, ya gutsura rabi, ya miƙa rabin ƙarƙashin tebur. A lokacin na lura da yadda agogonsa ke zamewa har tsakiyar hannu, da sabon ramin da ya huda a bel ɗinsa da ƙusa.

Bayan kwana biyu na kai shi asibitin Kadina da motata, wai zai karɓi magani. Ya jima a ciki. Da ya fito ya zauna, ya daɗe yana fama da bel ɗin kujera, sannan ya ce, yana kallon gilashin gaba, "Ciwon daji ne, a huhu yake. Ya riga ya bazu. Sun ce zan ga hunturu, amma kar in sayi irin shukar bazara."

Na kashe motar da na riga na tayar.

"Darryl ya sani?"

"Ya sani. Ya ce in koma wajensa. Hawa na tara, Glenys, kuma ba a yarda da kare a ginin ba. Na ce Moss fa? Ya ce, 'Baba, Moss ya tsufa, za mu yi abin da ya fi masa sauƙi.' Kin san me ake nufi da wannan."

Na sani.

"Ba wanda zai ɗauki tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi," ya ce. "Kowa tsoron kuɗin likita yake, kuma ban ga laifinsu ba. Amma in na ce ga shi da inshorarsa, an biya, ba abin da zai ci maka sai abinci, ƙila wani ya duba."

Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Muka tsaya a hanya na saya mana burodi mai nama da dankali a ciki, ya ci loma uku ya naɗe sauran.

Sati biyu muka yi muna nema. Ni ke bugawa, shi ke rubutawa a bayan ambulan da fensir. Wasu su ce ya tsufa. Wasu su ce za su karɓa, amma ban da gaɓoɓi, ban da haƙora, ban da duk abin da likita ya taɓa gani a jikinsa, kuma abin da za a biya duk wata ya fi ƙarfin fansho. Merv ya ce, "To me ya rage? Wutsiya?" Likitar dabbobi ta garinmu, Dakta Anjali, ta gaya mana gaskiya: in mun samu na hatsari kaɗai, mu karɓa, sauran kuma magani ne mai arha da bargo mai ɗumi.

A ƙarshe wani ƙaramin kamfani ya yarda. Hatsari kaɗai: mota, saran maciji, karaya.

"Mota?" in ji Merv. "Sai dai motar ta shigo kicin ta same shi."

Duk da haka ya ce a turo takardar. Ba ya yarda da abin da ba a riƙe a hannu.

Ranar da ta zo, da yamma, na shiga da miyar kabewa na tarar da shi a tebur, robar iska a hancinsa, gilashinsa a ƙarshen hanci. Ya cike komai da manyan baƙaƙe: suna, launi, nauyi. Layi ɗaya ya rage. Na leƙa. An rubuta: sunan wanda zai kula da dabbar idan mai ita ba ya nan.

Ya juya biron a hannunsa. Moss ya tashi da ƙyar, ya zo ya shinshina tukunyar miyar, ya koma.

"Na yi tunanin Kev na shagon taya," ya ce. "Amma matarsa tana atishawa in ta ga gashi."

"Haka ne."

"Akwai wata mata a Moonta da ke karɓar tsofaffin karnuka. An ce sun kai goma sha biyu a wajenta. Ban sani ba ko yana iya zama cikin taro, ka ga shi matsoraci ne."

Na ajiye tukunyar a kan murhu. Na wanke cokali biyu da ba su da datti. Ina jin numfashinsa a bayana, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Da Y ake rubutawa," na ce. "G, L, E, N, Y, S. Shekara ashirin da shida kana sa mini I a katin Kirsimeti."

Sannan na ji biro yana tafiya a hankali a kan takarda.

"Zai tone miki tumatir," ya ce.

"Da wane ƙarfi? Sha miyarka, tsoho, kafin ta huce."

Bai ga ƙarshen hunturu ba. A farkon Yuli, tsakiyar sanyi a nan wajenmu, aka kwantar da shi a ɗakin ƙarshe na asibitin gari, mai taga da ke kallon teku. Nas-nas ɗin suka ce a kawo karen. Kullum da hantsi nake kai shi, wani nas ƙato mai suna Sione ya ɗaga shi ya ɗora a ƙarshen gado, yana cewa, "Zo nan, kawu." Merv ya riƙa ba ni umarni da guntun numfashinsa. A jiƙa masa abinci da ruwan ɗumi. Ƙwayar a ɓoye cikin cuku, kuma in tsaya in ga ya haɗiye, don mayaudari ne. In ana tsawa a bar shi ya shiga banɗaki.

Darryl ya iso ranar Laraba. Na shirya ɗaure masa fuska, amma da ya shigo ya ga mahaifinsa da karen a gado, sai ya durƙusa ya sa fuskarsa a wuyan Moss, kafaɗunsa suna rawa. A waje ya ce mini, "Anti Glenys, ban san yadda zan yi ba ne. Ban san me zan ce masa ba." Na ce na sani.

Ranar Juma'a, wajen sha ɗaya na safe, Merv ya buɗe ido ya ce, "An ɗaura?" Na ce me? Ya ce, "Lambar. A wuyansa." Kamfanin ya aiko da ɗan ƙarfe mai lamba. Na juya masa abin wuyan ya gani. Ya taɓa shi da yatsa ɗaya, ya bar hannun a nan. Darryl yana riƙe da ɗayan. Kafin a kawo abincin rana ya tafi.

Bayan jana'iza da kwana uku na ɗauki igiya na fita yawo da Moss, karon farko ni kaɗai. Na bar shi ya zaɓi hanya. Ya bi ta gangaren da ke zuwa gadar jiragen ruwa, a hankali, ƙafar baya tana ja. A gaban gidan waya ya tsaya cak. Na ja, ya ƙi. Bayan ɗan lokaci ya ci gaba da kansa. A bakin shagon burodi ya sake tsayawa, kusa da wani ɗan gini da ake zama a kai.

Maureen mai shagon ta fito tana goge hannu.

"Ya gaji," na ce. "Ƙafafun ne."

"Ba shi ba ne," ta ce. "Nan Merv ke zama ya huta. Tun bara. Shi wannan jiransa kawai yake yi."

Ta koma ciki. Na tsaya da igiya a hannu, iska mai sanyi tana tasowa daga teku, wata babbar mota ta wuce zuwa rumbuna. Moss bai zauna ba. Yana tsaye ya juya wa iskar baya, yana kallon ginin.

Na zauna a wurin. Simintin da sanyi. Ya matso ya jingina kafaɗarsa da gwiwata, muka jira tare.