Shekarar da Dattijo Ya Yi a Aujara

Ranar da aka kawo mana Nsikak, ni shugaban makaranta ya ɗora wa neman masauki, don a ƙofar gidanmu akwai shago da ba kowa a ciki tun da yayana ya koma Dutse da zama. Ɗan bautar ƙasa ne daga Uyo, an turo shi ya koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren garinmu, Aujara, inda ni ma nake koyarwa. Dogo ne siriri, ya sauko daga mota cikin farar riga fes da igiyar wuya irin ta ma'aikatan banki, ga shi ana tsakiyar zafin bazara.

A hanya ya ba ni labarinsa da Turanci. Ya ce shi ɗan cocin da ake ce wa Momon ne, kuma ya yi shekara biyu a Gana yana aikin wa'azi, shi da abokin tafiyarsa, suna bin gida gida. A can ba mai kiran sunansa, sai dai Elda. Da muka iso majalisar ƙofar gida sunan nasa ya gagari kowa, sai na faɗa musu wancan, na ce ma'anarsa dattijo. Aka bushe da dariya, don ko gemu bai fara ba. Tun daga ranar ya zama Dattijo, har yara ma haka suke kiransa.

Washegari na kai shi teburin Ɗan'inna mai shayi. Aka haɗa masa mai kauri, ya yi godiya ya ce addininsa ya hana shi shan shayi. Ɗan'inna ya riƙe baki ya ce, "Malam Abdulbaƙi, giya na sani an hana. Shayi kuma me ya yi?" Da labarin ya shiga cikin gida, Inna ta ce ba za a bar ɗan mutane da yunwa ba, ta riƙa aiko masa da kunun tsamiya kowace safiya. Shi kuma kafin gari ya waye sosai ya share ƙofar gidan tas, ya yi karatun littafinsa, ya goge takalmi. Ran Lahadi, da yake babu cocinsu a kusa, sai ya rufe shago ya yi ibadarsa shi kaɗai, muna jiyo waƙarsa ƙasa-ƙasa. Lahadin farko ta kowane wata kuma azumi yake yi. Wannan ya burge Inna ƙwarai, har takan ajiye masa fura ta buɗa-baki.

Hausa kuwa da gaisuwa ya fara kama ta. Duk wanda ya tarar sai ya rusuna ya tambaye shi gida da gajiya da iyali, ko da bai gane amsar ba. Kuma kullum yana da tambaya ɗaya da ya sa na koya masa tun makon farko: "Akwai aikin da zan taya?" Ran Asabar ba ya zama. Yau yana yashe kwata a bakin kasuwa, wani makon yana jan ruwa wa tsofaffi, ko yana gyara kujerun aji da suka karye.

Da damina ta kankama, maƙwabcinmu Baba Arzika ya faɗo daga amalanke ya karye a cinya. Mai ɗori ya ce ba shi ba tashi sai bayan wata biyu. 'Ya'yansa maza suna kudu neman abinci, ga geronsa ya tsiro, ciyawa na neman cinye shi. Dattijo ya je duba shi, ya yi tambayar nan tasa. Tsohon ya dube shi daga takalmi har wuya, ya ce, "Yaro, ka taɓa riƙe fartanya?"

"A'a, Baba. Amma zan koya."

Asabar ɗin nan na raka shi gonar, na nuna masa kunya ɗaya, na tafi tamu. Da na dawo da hantsi na tarar ya nome kunya huɗu, amma rabin abin da ya sare gero ne, ciyawar kuma ya bar ta tsaye. Tafin hannunsa duk ya yi ƙurji. Na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye, shi kuma ya tsaya kamar zai yi kuka. Ya ce lallai sai ya je ya faɗa wa mai gona da bakinsa. Baba Arzika ya saurare shi, ya sa aka tsinko masa ganyen gero da na ciyawa, ya ɗora masa a hannu ya ce ya shafa ya ji bambancin. Daga nan kullum aka tashi daga makaranta sai ya cire farar riga, ya sa wata tsohuwar taguwata, ya nufi gona.

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo. Wasu suka ce ai ba banza ba, irinsu da taimako suke farawa, daga baya su janye yaran mutane. Maganar ta kai kunnen Malam Habibullahi, mai makarantar Islamiyya ta unguwarmu, wanda shi ya koya wa yawancinmu karatu. Bayan la'asar ya aiko in zo masa da baƙona. Na kai shi da kaina, don ni na ajiye shi a gida.

Malam ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa, sannan ya ce, "Abdulbaƙi, tambaye shi. An ce aikinsa wa'azi. Gaskiya ne?"

Dattijo bai jira na gama fassara ba. Ya haɗa Hausarsa da Turanci ya ce, "Gaskiya ne, Malam, na yi shekara biyu ina yi, kuma ban yi nadama ba. Amma na gama. Nan gwamnati ta turo ni in koyar da lissafi. Ban kira ɗan kowa zuwa addinina ba, ba kuma zan kira ba. Wanda ya tambaye ni abin da na gaskata, ba zan yi masa ƙarya ba."

"To gonar Arzika fa? Me kake nema a ciki?"

"A Gana an saba mana da taya mutane aiki kowane mako. Da na daina sai na ji ba daɗi. Kuma Baba maƙwabcina ne."

Malam ya ja carbinsa. Can ya juyo gare ni ya ce, "Maƙwabcinsa ne na wata uku. Mu kuma tare muka tashi da Arzika." Bai ƙara cewa komai a kai ba, sai ya tambayi Dattijo yadda hannunsa ya yi. Amma ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi shelar gayya, kuma da safiyar Asabar samarin unguwa suka cika gonar, Malam da kansa ya zo da fartanyarsa. Kafin azahar an gama maimai. Dattijo ne ya zo na ƙarshe a kunyarsa, ana ta yi masa kirari.

Ana cikin girbi aka bugo masa waya muna ofishin malamai, aka ce mahaifiyarsa ta rasu. Ya zauna a bakin baranda ya kifa kai. Ranar an riga an makara, ba motar da zai samu sai da safe. Da na kai shi gida na faɗa wa Inna, ta yi salati, ta ce a fitar da tabarmi. Na ce mata ai ba Musulmi ba ne, ban san yadda suke yi ba. Ta ce, "Uwa ce ta mutu, Abdulbaƙi. Fitar da tabarmi."

Kafin la'asar ƙofar gida ta cika. Mutum ya zo ya durƙusa, ya ce, "Dattijo, ya haƙuri? Allah Ya ba da dangana," ya koma gefe ya zauna. Ɗalibansa suka zo a jere. Ɗan'inna ya rufe teburinsa ya zo. Baba Arzika ya iso yana dogara sanda, fitarsa ta farko ke nan tun da ya karye, ya zauna dab da shi ya riƙe hannunsa. Dattijo ya raɗa mini ya tambayi abin da ake amsawa. Na ce ya ce haƙuri sai ma'abocinsa, ko ya ce ya gode kawai. Godiyar ya yi ta yi har muryarsa ta dishe.

Da safe muka raka shi Dutse, ni da Malam. Ban zaci zai dawo ba, amma bayan mako uku sai ga shi, da ƙullin busasshen kifi wa Inna. Ya ƙarasa shekararsa, ya ci sabon gero, ya ga Baba Arzika ya koma hawa amalanke.

Yanzu yana Fatakwal, yana aiki, ya yi aure har da 'ya mace. Shagon ya zama wurin ajiye buhunan riɗi. Malam ya tsufa, ɗansa ke riƙe da makarantar. Kowace Sallah Dattijo yakan bugo, in zaga da wayar gida gida ana gaisawa. Hausar tasa ta fara zubewa, sai ya tsaya yana laluben kalma, Inna tana ƙarasa masa. A kiran da ya yi na ƙarshe ya sa 'yar tasa a waya, ta ce wa Inna "Ina kwana, Kaka," alhali magariba ta kusa. Inna ta amsa mata da lafiya lau, ta tambaye ta yaushe za ta zo.