Uku na Ƙasan Akwati

Issahaku wanzami ya sake ƙirgawa karo na uku, yana lasar yatsa. Talatin da bakwai. Arba'in cif ya ajiye, ko daga barci aka tashe shi zai rantse. Lamba ɗaya, biyu da uku sun yi ɓatan dabo, su da ke can ƙasan akwati.

Kaf unguwar Zogbeli an san shi da littattafan zanen nan na Turawa, masu hotunan mahaya dawakai da 'yan fashi, magana tana fitowa daga bakinsu cikin da'ira. Tun da Ghana ta samu 'yancin kai bara, Turawa suka fara haɗa kayansu, shi kuwa ya bi masu dafa musu abinci gida-gida yana karɓa, wani da aski kyauta, wani da magiya. Ko harafi ɗaya na Turanci bai iya ba, amma ina ruwansa? Hoto yake bi ya tsara labarinsa, masu jiran aski su saki baki. Taɓawa ce dai babu. Akwatin katako ya yi musu, ya ɗora bisa duwatsu uku saboda gara, a ɗakin da ba mai shiga sai matarsa Azeta da amininsa Imoru baduku.

"Azeta! Wa ya taɓa mini akwati?"

"Me ya haɗa ni da takardunka?" in ji ta daga tsakar gida. Tankaɗe take yi, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ya fita rumfar aski zuciya na tafasa. Duk kan da aka miƙo masa ranar, kallon kan ɓarawo yake yi masa. Wancan ya cika tambaya, wannan ya cika shiru. Ana cikin haka Kadiri direban lori, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Ashe ka fara ba da aro? Shekaranjiya na ga Imoru ya fito daga gidanka da abu a ƙarƙashin riga."

Askar ta tsaya cak. Imoru! Tare suka wanke allo suna yara. Shekara ashirin, duk Alhamis bayan la'asar Imoru yana kan kujerar askin nan ana aske shi. Amma kuwa shi ne ya taɓa neman aron lamba ɗaya, aka hana shi, ya yi 'yar dariya. Ashe dariyar ta mugunta ce. Lallai na gida shi ya san inda ɗaki ke yoyo.

"Kai, wanzam, rabin kan fa?" Kadiri ya yi ihu, amma Issahaku ya riga ya haye keke.

A unguwar Sakasaka ya tarar da Imoru a bakin shagonsa yana yanka fata, dattawa huɗu na hira a benci. Bai yi sallama ba. Idonsa ya faɗa kan wani faffaɗan dutse a gefe, ga bakin takarda mai launi ya leƙo ta ƙarƙashi. Ya ture dutsen. Su ne, duka ukun.

"Ɓarawo!" in ji Issahaku. "Ka ci abincina, ka shiga ɗakina, ashe ɓera nake kiwo!"

"Subhanallahi!" in ji wani dattijo. "Issahaku, Imoru ne fa."

"Ku tambaye shi! Faɗa musu yadda aka yi suka zo nan!"

Imoru ya daɗe yana kallonsa. Ya naɗe littattafan a ƙyalle mai tsabta, ya miƙa da hannu biyu.

"Na ukun bai bushe ba," ya ce. "Kada ka buɗe shi sai gobe."

Maganar ba ta shiga kunnen Issahaku ba sai da ya isa gida ya warware ƙyallen. Lamba ɗaya duk huji ne ta gefe, irin cin gara, amma an liƙe kowane rami da siririyar takarda, an ɗinke bayan da zare, ɗinki ƙanana kamar na gafakar Alƙur'ani. Hatta ƙafar dokin da gara ta cinye, an zana wata da tawada.

Azeta ce tsaye a bakin ƙofa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni ce, maigida. Ranar sunan Adizatu 'yar maƙwabta murhu bai isa ba, na ari duwatsun akwatin. Kwana huɗu yana ƙasa, ga damina, na manta. Da na ga ɓarnar, na roƙi Imoru da girman Allah ya gyara, kada ya faɗa maka."

Issahaku ya zauna daɓas. Kunya ta rufe shi, ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Ya ce a ransa ai yau Alhamis, in Imoru ya zo aski zai ba shi haƙuri a nan, ba sai an tara jama'a ba. Ya wasa aska, ya kakkaɓe kujera, ya aje lamba ɗaya a kai don ya ba shi kyauta. La'asar ta wuce, aka kira magariba, kujerar tana nan yadda ya bar ta.

Washegari a wurin alwalar Juma'a ya hango shi. Imoru ya tuɓe hula zai shafi kai, kan nan a aske tas, askin wani. A bayan kunnen dama akwai ɗan ƙullutun da Issahaku ya shekara ashirin yana kewaye shi da bakin aska. Sabon wanzamin bai san da shi ba, ya yanke shi, an manna auduga a wurin.