Kabarin Sajida a Bali

Zubaidatu na tsintar shinkafa a ɗakinta na unguwar Ammariyya a Jidda lokacin da wayar ta shigo. Abdulmohsen ne, kafilin 'yarta Sajida, wato maigidan da take yi wa aiki. Kwana biyar ke nan ya tafi da iyalinsa hutu tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, suka ɗauki Sajida don ta riƙe musu yara.

"Ya Hajja, ki yi haƙuri," ya ce. "Sajida ta rasu."

Ba ta yarda ba, domin tun safe yarinyar ke turo mata saƙon murya. Ranar yawo ce, an ba su ɗan jagora mai suna Wayan. A saƙon farko tana ta dariya, wai sun shiga dajin birai, wani biri ya fizge tabaran madam ya ƙi sakewa sai da aka ba shi ayaba. A na biyu ta ce, "Umma, gonar shinkafarsu hawa-hawa ce kamar bene, wallahi ban taɓa ganin kore irin wannan ba." A na uku an kawo musu kaza naɗe cikin ganyen ayaba, ta ƙi taɓawa sai da Wayan ya rantse mata wurin Musulmi ya kai su. Daga nan suka nufi inda ruwa ke zubowa daga dutse. An yi ruwan sama, matakalar ta yi santsi, ta zame ta faɗa kan duwatsu.

Kafin la'asar ɗakin ya cika da mata. Wata tsohuwa ta ce, tana ganin ba a ji, "Ai mutanen can ƙona gawa suke yi."

Zubaidatu ta ji. Ta kira Abdulmohsen.

"Ku dawo min da ita."

"Takardu ne, ya Hajja, sai a yi makonni. Mu kuma jirginmu jibi ne. In kina so ki zo da kanki."

Ya san ba za ta iya ba. Umara ta zo shekara ashirin da uku da suka wuce, ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama, fasfo ɗinta ya daɗe da mutuwa.

"To ba ni lambar ɗan jagoran nan."

Ta sauka ƙasa wurin Lama, matar mai shago, wadda uwarta 'yar Jawa ce, tana jin yaren Indonesiya. Suka kira Wayan. Da ya ji ko wace ce, sai ya fashe da kuka.

"Ki ce masa ba kukansa nake so ba," in ji Zubaidatu. "Ki ce kada a sa wa 'yata wuta. A wanke ta, a sa mata likkafani, a yi mata salla."

Lama ta faɗa masa, ta saurara, ta juyo. "Ya ce shi ba Musulmi ba ne, bai san yadda ake yi ba. Amma akwai wani ƙauyen Musulmi a bakin teku, zai je ya roƙe su."

Kwana huɗu Zubaidatu ba ta ci abin kirki ba. Abdulmohsen ya sa hannu a takardu ya dawo Jidda, bai ko leƙo ta ba. Wayan ne ya yi ta kai da kawo tsakanin asibiti da 'yan sanda da limamin ƙauyen. A rana ta biyar ya turo bidiyo. Maza kamar goma sun yi sahu, sanye da zani da baƙar hula, shi kuma yana tsaye can gefe riƙe da takalmansa. Ƙasar ja ce, jiƙe sharkaf.

Ta kalla sau uku, sannan ta ce a tambayi limamin ina aka juya fuskarta.

"Ya ce alƙibla, ya Hajja," in ji Lama. "Su a can yamma suke kallo, wato ta nan wajen."

Zubaidatu kuwa a Jidda gabas take kallo in za ta yi salla.

Ba ta taɓa ganin kabarin da idonta ba, ta kuma san ba za ta gani ba. Amma kullum in ta sallame sallar asuba, ba ta tashi nan da nan. Takan ɗan zauna a kan darduma yadda take, fuska a gabas, ta ce, "Sajida, ga ni nan," sannan ta miƙe ta ɗora shayi.