Matar da ke Sheƙar Wake

Ni dai ban roƙi kowa ya kai ni Sifen ba. Maƙwabciyarmu ce a unguwar Peckham ta Landan, Nuriya, ma'aikaciyar jinya, ta ishe ni da zancen ƙauyensu a yankin Kataloniya, wai sai na je na ga gonar babanta. Na faɗa wa maigidana Mainasara don dai a yi hira, sai ga shi ya dawo daga ofis yana cewa ya yi mana booking ɗin jirgi. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya buɗe wa mutanenmu ido. Duk wanda gwamnati ta turo Landan sai ya tafi hutu wata ƙasa, ya dawo ya tara jama'a a falo ya haska musu hotuna a majigi. Shugabansa a wurin aiki, Alhaji Sanusi, ya riga ya nuna nasa, ga kuma kujerar mataimaki da ake shirin cikewa. Maigidana yana son kujerar nan kamar ransa.

Tun da muka sauka a Landan yake ja mini kunne kada in ce babana manomi ne. Wai a wannan zamani noma abin kunya ne, in ce ɗan kasuwa. Ban taɓa faɗa ba. In an tambaye ni sai ya riga ni amsawa, ni kuma in bi shi da ido.

Ƙauyen su Nuriya a gindin dutse yake, gidajen ma da dutse aka gina su, lungunansu kuwa ko jaki biyu ba za su jera ba. An yanka jikin tudu hawa-hawa an dasa zaitun da inabi. Nuriya, da ita ma ta zo gida hutu, ta zaga da mu ko'ina. Mun hau hasumiyar tsohuwar majami'arsu har inda ƙararrawa take, muka hango gonaki iya ganin ido. Mun tsallake wata gadar dutse da ta ce ta girmi kakannin kakanninta. Wata safiya muka bi hanyar awaki zuwa wani idon ruwa a saman dutse, ruwan da sanyinsa ke kama haƙori. Babanta ya ɗauke mu a keken alfadari zuwa kasuwar garin da ke kusa. Duk wannan yawo maigidana cikin kwat yake da takalmi mai sheƙi, yana zamewa a kan tsakuwa, ba abin da ke fita daga bakinsa sai, "Karimatu, ɗauke ni hoto a nan." Ni hankalina na kan ƙasar. Na duƙa na damƙi jar turɓayar nan na shinshina, ya ce in tashi kada a gan ni.

Mutanen wurin in sun ci abincin rana sai su rufe tagogi su kwanta. Wannan al'ada kaɗai maigidana ya karɓa hannu bibbiyu. Wata rana yana ta minshari na fito bayan gida, sai na ji wani bugu da na sani tun ban iya ɗaura zane ba. Na bi sautin. Baban Nuriya ne da matarsa a wata masussuka da aka shimfiɗe da dutse, sun baza busasshen wake suna bugu da sanda. Ba su kwanta ba don iska ta taso, kuma kowane manomi ya san ba a wasa da iskar sheƙa.

A garinmu ba ka samun mai aiki ka tsaya kallo. Sannu za ka yi masa, ka kama. Na ce, "Sannunku da aiki," da Hausata, tun da ba na jin yarensu. Na tuɓe takalmi, na ƙara tamke zane, na ja ɗankwali na rufe hanci saboda ƙaiƙayi. Tsohuwar ta dube ni ta dubi mijinta, sai ta miƙo mini wani faffaɗan kwando mai kama da faifai. Na cika shi na ɗaga sama, na ba iska baya na fara zubowa. Waken yana sauka gabana fari tas, ɓawon yana tafiya gefe. Muka yi ta yi har la'asar, ba wanda ya ce wa wani uffan, ba kuma wanda ya taka ƙafar wani. Wallahi tun da na bar gida ban ji daɗi irin na ranar nan ba. Nuriya ta fito ta same mu tana dariya, ta koma ta ɗauko kyamarar maigidana ta ɗauke ni.

Da ya farka ya gan ni fututu da ƙaiƙayi, sai da ya ja ni ɗaki.

"Jirgi na sa ki ki zo ki yi wa Turawa ƙodago?"

"Ba ƙodago ba ne, Malam. Taimako ne, kamar gayya."

"Ko ma mene ne, kada in ji zancen nan a Landan."

Washegari yana kwanciya na koma masussuka, haka na yi ta yi har muka gama waken.

Bayan mun dawo ya sa ranar Lahadi da rana don nuna hotuna. Tun safe nake tuƙa tuwon shinkafa. Alhaji Sanusi ya zo da uwargidansa Hajiya Hindu, wadda ke jan ragamar matan ma'aikata, da wasu abokan aiki da iyalansu, flat ɗinmu ya cika. Hotunan ba su iso daga shagon wanki ba sai ana gobe, maigidana ya duba na farko-farko ya ga kansa ya yi kyau, ya jera sauran a majigi haka nan. Aka saki labule. Ga Mainasara a hasumiya, ga Mainasara a gada, ga Mainasara yana nuna wa dutse yatsa. Yana ta bayani kamar shi ya gina garin.

Ina shigowa da farantin shayi sai bango ya cika da wata mata baƙa, ba takalmi, fuska a rufe, hannu a sama, wake na zuba cikin hasken rana.

Hajiya Hindu ta gyara tabarau. "A'a, har baƙar fata gare su a can? Wace ce wannan?"

Maigidana bai ko yi tari ba. "Wata 'yar ƙodago ce, Hajiya. Irin masu tsallakawa neman abinci. Ban ma san an ɗauke ta ba."

"Allah sarki," in ji ta. "Mu dai Allah ya yaye mana wannan wahala. Yanzu wa zai tsaya cin ƙura a gona?"

Aka yi 'yar dariya. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ajiye farantin a hankali don kada in ƙona baƙi. Na taka na shiga cikin hasken majigin, na tsaya kusa da matar.

"Ni ce, Hajiya."

Kowa ya juyo ya dube ni.

"Ni ce nake sheƙa. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya biya ni. Babana manomi ne a wani ƙauye bayan Bakori, dawa da wake da gyaɗa yake nomawa, bai taɓa buɗe shago ba. Yanzu haka da muke zaune yana gona. Uwata ce ta koya mini wannan aiki, kuma na iya shi."

Maigidana ya kai hannu zai wuce hoton.

"Bar shi, Malam," na ce. "Ban gama kallo ba. Ban taɓa ganin kaina ina aiki ba."

Ya janye hannu. Na juya na kalli hoton son raina, sannan na koma na zuba wa kowa shayi. Hajiya ta karɓi nata ba ta dube ni ba. Alhaji Sanusi ya tuna yana da wani uzuri a Stratford, sauran ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba a kai ga hoton keken alfadari ba.

Ina wanke kwanuka maigidana ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, har yanzu da kwat ɗinsa.

"Kin san abin da kika jawo mini yau?"

"Na sani."

"Fuskarki a rufe take, Karimatu. Da kin yi shiru, wa zai gane ki?"

Na kashe famfo, na goge hannuna, na juyo na dube shi.

"Kai ka gane ni. Tun kafin Hajiya ta buɗe baki ka gane ni, ka ce ba ka san ni ba."