Birkin Motar Malam

Barci ya ɗauke ni da rana tsaka a kan bencin garejin Tanko, ƙarƙashin mangwaro, jakata a cinya, tabarau a hanci. Mutane suna cewa mafarkin rana shirme ne. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da kimiyya a makarantun Jos, ban saba karɓar abin da ake cewa ba sai na gwada. Zan faɗi abin da na gani, kowa ya auna da kansa.

Motar Malam, mijina, ita ta kai ni garejin. Tun rasuwarsa, shekara huɗu ke nan, tana tsakar gida lulluɓe da tamfol, ban bar kowa ya tayar da ita ba. Da autata Zulai ta sami canjin wurin aiki zuwa Lafiya, na ce ta ɗauke ta, ta kwashi yaranta uku. Tanko ya zagaya da ita ya dawo, ƙafar gaba ta dama tana hayaƙi, mota tana fizgar sitiyari gefe guda. Ya cire taya ya nuna mini kalifa, matsen ƙarfen nan da ke damƙe faifan ƙafa in an taka birki. Ya ce damina huɗu a zaune ta sa tsatsa ta ci fistan ɗin ciki, ya kafe, sai an sa sabuwa.

Na ce, "Ko ƙusa ɗaya da Malam ya bari ba za ta fita daga motar nan ba. Buga mata guduma ta saki, ka shafa mai ka mayar."

"Malama, jibi fa Hawan Kibo za su gangara, tudun nan mai cin motoci a hanyar Lafiya."

"Tanko, ni na koya maka mene ne tsatsa, kana aji biyu. Yi abin da na ce."

Mutum da furfurarsa da jikokinsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malama." Ƙarar gudumarsa ce abin da na ji na ƙarshe.

Sai na gan ni a ƙofar wani babban gari da aka gina a jikin gangare. Babu fili ko taku ɗaya a cikinsa, kowane titi ƙasa ya nufa, ƙarshensa hayaƙi. Wani mutum yana jingine da bango cikin shuɗin kaftani, alƙalami a aljihu, tsumman goge mota a kafaɗa. Tun kafin ya juyo na gane ƙeyarsa, Malam ne.

Ya ce, "Malama, kin makara, kamar kullum."

"Ni ke makara? Wa yake shanya mu awa biyu a gareji duk ranar tafiya gida?"

Ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, amma bai daɗe ba. Ya ce, "Nan ake kawo waɗanda ran matafiya ya ratsa ta hannunsu. Riƙe bango, ƙasar ba ta tsayar da kowa."

A titin farko na ga mutane cikin kayan aiki masu baƙin mai suna gudu ƙasa, kowanne da ƙusa kafe a gwiwa guda. Suna son tsayawa, ƙafa ɗaya ta tsaya, ɗayar ta ƙi, su wuntsila, su tashi, su sake samun kansu a saman tudu. Na tambaya.

Malam ya ce, "Makanikai ne. In birkin ƙafa ɗaya ya kafe, sai su toshe bututun mansa da ƙusa, su ce wa mai mota an gyara. Da ƙafa uku suka sallami mutane, da ƙafa ɗaya aka sallame su."

Muka ratsa kasuwa. Masu shaguna suna zaune, fuskokinsu suna ƙyalli da fentin azurfa, tsatsa tana cin namansu ta ƙarƙashi. Fentin ya ɓare, su sake shafawa, ya sake ɓarewa da fata. Waɗannan ban buƙaci bayani ba, na ga kwalayen da suke cusa tsofaffin kaya a ciki su liƙe. A bakin rijiya kuma direbobi ne, harsuna a waje don ƙishi. Duk wanda ya kai kofi baki sai ruwan ya koma kumfa. Malam ya ce su ne masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki, su cika mota da fasinja su ce Allah ya kiyaye hanya.

Na tsaya na ce, "Malam, ka san ni. Yawancin waɗannan talakawa ne. Wanda bai ci ba tun safe, da me zai sayi man birki? Ni ban ga adalci a nan ba."

"An auna talaucin kowa, an cire masa. Abin da kike gani shi ne saura."

Na bar gardamar na bi bayansa, abin da bai taɓa faruwa tsakanina da shi ba a duniya.

Can ƙasa wata doguwar bas ta wuce mu a guje. A kujerar gaba akwai manya cikin manyan riguna, kowanne da hatimi a hannu, suna ta buga shi a kan gilashi, wai ko motar za ta tsaya. Bayansu fasinjoji ne cike, mata da goyo, tsofaffi da ƙunshin kaya, ba mai magana, kallonsu kawai suke yi. Malam ya ce manyan nan su ne aka ɗora wa duba lafiyar motoci, suka sa hannu daga ofis ba su taɓa leƙa ƙarƙashin ko ɗaya ba.

Daga nan titin ya karya kwana, sai ga layinmu kamar yadda yake shekara arba'in baya. Ga bishiyar gwaiba da muka sare, ga motar Malam sabuwa fil, ga kular soyayyun kaji a but ɗin motar, ga yara suna faɗa a kan wa zai zauna bakin taga. Har ƙanshin turaren da yake ɗigawa a kujera na ji. Safiyar jajibirin Sallah ce, za mu gida. Na ce masa mu tsaya a nan, ko na minti biyar.

Ya ce, "Duba da kyau."

Yaran ba nawa ba ne, na Zulai ne. Ita ce a sitiyari, 'yarta ƙarama, takwarata, tana bayanta da yatsa a baki. Motar ta fara gangarawa, ƙafar dama tana hayaƙi. A bakin ƙofar gida wata tsohuwa tana zaune, ta rungume wani ƙarfe ja wur da zafi, yana ƙona ƙirjinta, ta ƙi ajiyewa. Kusa da ita wani mai furfura yana durƙushe da guduma, kansa a ƙasa. Tsohuwar ta ɗago, na ga tabarau ɗina.

Na ce, "Ni ban cuci kowa ba. Ban toshe bututu ba, ban shafa fenti ba."

"Waɗancan ba su san sunan fasinjojinsu ba. Ke kin sani, har da mai sunanki."

"Shi fa Tanko, me ya yi?"

"Ya san gaskiya, kunyarki ta rufe masa baki. Kin san ba zai iya ce miki a'a ba, shi ya sa kika kawo motar wurinsa."

Na ce, "Abin da ka bari ne, Malam. Hannunka ya taɓa shi."

Sai ya yi dariya, irin wadda yake yi in na ƙona tuwo ina karatu. "Malama mai kimiyya. Awa biyun nan da kike mita a kai, me kike zato nake yi a gareji? Sau uku na sauya ƙarfen nan. Wanda kike rungume da shi ma ban taɓa ganinsa ba, ina kwance asibiti aka ɗaura shi." Ya zare tsumman daga kafaɗa ya goge mini tabarau, ya mayar mini a hanci. "Motar da na kai ku gida da ita sau talatin, ba wanda ya ƙwarzane, ita za ki..."

Bai ƙarasa ba. Motar ta kai kwana, na ji Zulai tana taka birki tana sake takawa, na yi kururuwar sunanta.

Na farka ana kiran la'asar, zufa ta jiƙa mini mayafi, jakata a ƙasa. Tanko yana durƙushe gaban motar, taya a jingine.

Na ce, "Ka mayar?"

"Tun ɗazu nake ɗaura ƙusa ɗaya ina kwancewa, Malama. Hannuna ya ƙi."

"Ciro mini fistan ɗin in gani."

Ya ciro ya ɗora mini a tafin hannu. Duk jikinsa ramuka ne kamar fuskar mai zanzana. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan ya ce lafiyarsa ƙalau, da na kore shi daga aji.

"Sa sabuwa. Ka buɗe ta hagun ma, ka zubar da tsohon mai gaba ɗaya. In an gama ni da kai za mu fara gangara Hawan Kibo kafin Zulai ta taɓa makulli. Kuma Tanko, in na sake faɗin shirme, ka ce mini shirme ne."

Ya sosa ƙeya. "Wannan kam sai na yi bita, Malama." Ya ɗaga tsohuwar kalifar. "In naɗe miki ita a jarida?"

Na kusa cewa e. Na ce, "Wa ya ɗaura ta?"

"Ni ne, shekarar da Malam yake asibiti. Ai ke kika aiko da motar."

Ba na da'awar karama. Na sani tun da, na zaɓi in manta ne. Na dubi ƙarfen sau ɗaya, na nuna masa tulin tarkacen da ke bayan mangwaro.